Wace Multimita Ya Kamata Mai Gyara Ya Saya?

Yaron da ke koyon gyaran waya ko rediyo ko inbata, ranar da ya tara kuɗin sayen kayan aikinsa na kansa, tambayar da yake fara yi wa maigidansa ita ce: "Oga, wace mita zan saya?" Amsa biyu yake yawan ji. Wani ya ce masa in ba ta kamfanin Fluke mai tsada ba to ɓarnar kuɗi ce. Wani kuma ya ce ya sayi 'yar rawayan nan ta araha, ai duk aikinsu ɗaya. Babu wadda ta taimake shi a cikin amsoshin nan, domin ta farko ta fi ƙarfin aljihunsa, ta biyu kuma ba gaskiya ba ce.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, kowace mita ka ɗora a kan sabon batirin rimot za ta nuna maka bolt 1.5 ko 1.6. Mai tsada da mai araha duk a nan bakinsu ɗaya. Bambancinsu yana fitowa ne a inda gwajin ya yi wuya: layin da wutarsa ba ta da ƙarfi, wutar inbata da ba ta da tsafta, batirin mitar da ya fara sanyi, da kuma ranar da hannu ya yi kuskure ya sa waya a ramin da bai dace ba. Saboda haka ni a ganina tambaya biyu ce ya kamata ta riga duk sauran: shin mitar nan za ta gaya min gaskiya a irin aikin da nake yi? Kuma in na yi kuskure da ita, me zai same ni? Yawan ayyukan da aka jera a jikin kwali, da fitila, da girman gilashi, duk suna biyo baya ne.

Na'urar kanta ta kai shekara ɗari. Wani injiniyan hukumar gidan waya ta Ingila, Donald Macadie, shi ya gaji da yawo da mitoci daban-daban wajen gyaran layukan tarho, ya haɗa awon amfiya da bolt da om a akwati guda. Aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO, kuma har yau akwai tsofaffin masu gyara da ba su san ta da wani suna ba sai abomita. Ta wancan zamani mai allura ce. Yau mai lambobi ce ta cika kasuwa, ita za mu fi yin magana a kai.

Hanyoyin da mita ke yi wa mai ita ƙarya

Mu fara da wadda ba a cika sani ba. Duk lokacin da ka ɗora mita a kan layi don auna bolt, ita ma tana shan wani abu daga wutar layin. Yawan abin da take sha ya dogara da juriyar da ke cikinta. Mitoci masu kyau juriyarsu om miliyan 10 ce. 'Yar rawayan nan da ake rubuta wa DT830B, tata om miliyan 1 ce. A kan batir ko caja wannan ba ya canza komai. Amma ɗauki resista biyu, kowace om miliyan 1, ka jera su a kan bolt 12. Tsakiyarsu dole ya zama bolt 6. Ka ɗora mita mai om miliyan 10, za ta nuna maka kusan 5.7. Ka ɗora mai om miliyan 1, sai ka ga 4. Ba lalacewa ta yi ba, ita ce da kanta ta ja wutar ƙasa. Irin waɗannan layuka masu manyan resistoci suna nan a wajen da caja ko inbata ke auna wutar da take fitarwa, da ƙafar get ta mosfet (wani irin taransista), da layukan sensa. Mai gyara ya ga 4 a inda takarda ta ce 6, sai ya fara cire lafiyayyun kaya yana neman laifin da babu shi. Kafin ka biya kuɗi, buɗe 'yar takardar da ke cikin kwali ka nemi inda aka rubuta 10MΩ, wato om miliyan 10.

Mai allura ta fi shan wutar ma. Yawancinsu za ka ga an rubuta 20kΩ/V a ƙasan gilashi, wato in ka sa ta a zangon bolt 10 juriyarta om 200,000 ce kacal. Ba wai ta daina amfani ba. Tsohon mai gyaran rediyo yana kallon yadda allura ta yi tsalle ta dawo a kan kafasita ya gane lafiyarta, kuma wutar da ke hawa tana sauka ta fi saurin ganuwa a allura. Sai dai a bod ɗin waya ko kwamfuta ba wurinta ba ne. Wanda zai riƙe ta ya tuna cewa a yawancinsu, in an juya zuwa om, baƙar waya ce ke fitar da fositib, akasin mai lambobi.

Sai maganar ƙidaya. A jikin kwali za ka ga 1999 ko 2000, 4000, 6000, wani lokaci 22000. Wannan shi ne iyakar lambar da gilashin zai iya nunawa kafin mitar ta koma zango na gaba ta yar da lamba ɗaya ta ƙarshe. Mai ƙidaya 2000 tana iya nuna 1.999, amma da zarar wuta ta wuce bolt 2 sai ta koma zangon 20, ta rage lamba biyu bayan ɗigo. Batirin waya yana tsakanin 3.7 da 4.2. Mai 2000 za ta ce maka 4.18, mai 6000 ta ce 4.183. A da wannan ba wani abu ba ne. Yanzu da batiran litiyom suka cika shagunan masu sola, ya zama abu. Wanda ke haɗa sel-sel na LiFePO4, wani irin batirin litiyom, yana son ya ga cewa wannan 3.312 ne, wancan 3.345, domin a irin wannan batir bolt ba ya motsawa sosai tsakanin rabin caji da kusan cika, ɗan bambancin nan shi ke gaya maka wane sel ne ya saki 'yan'uwansa. Yawancin wutar da ke cikin bod, 1.8 da 3.3 da 5, duk tana ƙasa da 6, shi ya sa nake ganin ƙidaya 6000 ce daidai wa daida ga mai gyaran lantarki.

Amma yawan lambobi daban, gaskiyar awo daban. Mudun da aka buga wa gindi, ko ka zana masa layuka ɗari a ciki, hatsin da yake ɗauka bai cika ba. Gaskiyar awo ana rubuta ta a takarda kamar haka: ±(0.5% + 2). Ma'anarta, in mitar ta nuna 12.00, kuskurenta zai iya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na 12, wato 0.06, a ƙara biyu a lambar ƙarshe, wato 0.02. Ainihin wutar tana tsakanin 11.92 da 12.08. Wannan ya ishi kusan duk gyaran yau da kullum. Fluke 87V tata 0.05% ce a DC, wato wuta irin ta batir, kuma wani ɓangare na tsadarta ke nan, amma mai gyaran caja ba ya buƙatar wannan kaifin. Abin da yake buƙata shi ne mitar da in ta ce 0.5% bana, baɗi ma tana nan a 0.5% bayan ta sha zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu.

Akwai wata ƙaryar da ta fi waɗannan ɓarna saboda tana zuwa a hankali. Ƙananan mitoci da yawa, in batirinsu mai bolt 9 ya yi sanyi, sai su fara nuna lamba sama da gaskiya. Dalili kuwa, mita tana kwatanta wutar da ka ba ta ne da wata tsayayyar wuta da ke cikinta, in wannan ta faɗi sai komai ya bayyana da girma. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya cika ya huta yana kai 12.6 ko 12.7, wanda ya sauka rabi yana wajen 12.1 ko 12.2. Rabin bolt ne kawai tsakani. Mitar da ta ƙara 0.4 za ta sa ka ce wa mai kaya batirinsa lafiya lau, ya ɗauka ya tafi, dare ya raba inbata ta ɗauke. Mita mai kyau tana nuna alamar batir tun kafin awonta ya karkace, wasu ma kashe kansu suke yi. In ka ga alamar, canza batir nan take, kar ka ce bari in gama wannan.

Yanzu True RMS, wadda aka fi tallata ta kuma aka fi rashin fahimtarta. Wutar AC, wato irin ta soket, hawa take tana sauka, sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar. Bolt 230 da muke faɗa ba ƙololuwarta ba ne, ƙololuwar tana kai kusan 325. 230 shi ne ƙarfin da take da shi na yin aiki, kamar dumama hita. Mita mai araha ba ta lissafa wannan kai tsaye. Matsakaici take aunawa ta ninka shi da 1.11, lissafin da ke fita daidai in wutar tana tafiya da santsi irin ta layin gwamnati. In siffar wutar ta canza, lissafin ya rushe. Inbata mai araha da ke fitar da wuta hawa-hawa kamar matakala, a ce tana kai 325 rabin lokaci tana zaune a sifili rabin lokaci, ainihin ƙarfinta 230 ne, amma mita mai auna matsakaici za ta nuna wajen 180. Mai gyaran da bai san haka ba sai ya buɗe inbata ya murɗa ta har mitarsa ta nuna 230, alhali ya tura wuta ta wuce kima, kwan fitila da fankar mutane su ɗanɗana. Duk wanda aikinsa ya shafi inbata, janareta, UPS ko sitabilaiza, True RMS wajibi ce a gare shi. Mai gyaran waya da ba ya taɓa komai sai DC, babu ruwansa da ita.

Kar sunan kamfani ya sa ka ɗauka tana ciki. Fluke 15B+ da 17B+ da ƙaramar 101 duk mitoci ne masu aminci, amma matsakaici suke aunawa. Kuma True RMS ɗin ma tana da iyaka, wasu ba sa wuce 'yan ɗaruruwa ko dubu ɗaya a saurin kaɗawar wuta, don haka mai gyaran amfilifaya ya duba wannan a takarda.

Ta ƙarshe a wannan fanni ta shafi awon amfiya. Mita tana auna kwararar wuta ne ta hanyar bi da ita cikin wata ƙaramar resista, kuma resistar tana cin bolt. Ko a Fluke 87V, zangon mA (ɗaya bisa dubu na amfiya) yana cin 1.8mV (ɗaya bisa dubu na bolt shi ne mV) a kan kowace 1mA, wato in 400mA na wucewa an yi asarar bolt 0.72. A layi mai bolt 3.3 wannan ya isa ya sa bod ya ƙi tashi, ka zaci wani abu ne ya lalace. Dabarar ita ce ka koma ramin 10A in lambar da kake nema za ta ganu a can.

Ranar da hannu ya yi kuskure

Nan ne nake son mai karatu ya tsaya sosai, domin nan ne araha ke iya cin ido ko yatsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna amfiya, a manta jar waya a ramin 10A, sannan a kai bakinta soket ko kan batir da niyyar auna bolt. A wannan rami, abin da ke tsakanin wayoyin biyu guntun ƙarfe ne mai juriyar kusan om 0.01. Wato ka haɗa layin biyu kai tsaye, kuma mitar tana hannunka. Ba sabon shiga kaɗai ke yin wannan ba, gajiya da kiran waya da mai kaya da ke tsaye a kanka sun isa. Abin da ke raba ka da rauni a wannan daƙiƙa shi ne fiyus.

Juya mita ka kwance kusoshin bayanta ka duba da idonka. A 'yar rawaya za ka tarar da ƙaramin fiyus na gilashi guda ɗaya a layin mA, wani lokaci ma babu, ramin 10A kuwa waya ce kawai mai kauri a lanƙwashe, babu fiyus ko kaɗan, kuma sau da yawa an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a gefen ramin. Fiyus ɗin gilashi mai tsawon milimita 20 an yi shi ne don bolt 250, kuma irin na gama-gari abin da zai iya yankewa lami lafiya bai wuce amfiya 35 ba. Layin gida ko babban batirin sola yana iya turo ɗaruruwa, har dubbai. Zaren cikin fiyus ɗin zai narke, amma wutar ta ci gaba da tsallakawa ta iska a cikin gilashin har ya fashe. A mita mai kyau za ka ga fiyus biyu manya, farare, jikinsu na tangaran, cikinsu cike da yashi mai laushi. In zaren ya narke yashin ne ke shanye tartsatsin ya kashe shi. Na Fluke 87V ɗaya 440mA ne ɗaya 11A, dukansu na bolt 1000, kuma suna iya yanke amfiya 10,000 ko fiye. Kusa da ramukan za ka kuma ga wasu 'yan faya-faye masu shuɗi ko kore, da tsaga da aka yanka a jikin bod don kar wuta ta tsallaka. Su ne ke ceton mitar in ka kai ta kan 230 tana saite a om.

Irin wannan fiyus yana da tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba, shi ya sa ake ɗaure wanda ya ƙone da siririyar waya ko takardar sigari. Ina roƙon duk mai yin haka ya bari. Mita mai kyau da aka ɗaure wa fiyus ta fi 'yar rawaya haɗari, domin mai ita ya yarda da ita yana kai ta wuraren da ba zai kai waccan ba. Ka tambayi fiyus ɗin ajiya tun ranar da kake sayen mitar. In babu inda za a same shi, gara ramin amfiya ya zauna a mace, sauran ayyukan mitar suna tafiya ba tare da shi ba.

Sai alamar CAT da ke kusa da ramuka. Ta fito ne daga ƙa'idar IEC 61010, kuma tana magana a kan irin bugun wuta na farat ɗaya da mita za ta iya jurewa, kamar wanda tsawa ko kashe babban inji mai aiki da lantarki ke jefawa a layi. CAT II ta soket ce da kayan da ake jonawa. CAT III ta allon rarraba wuta ce da wayoyin cikin gini. CAT IV ta inda wuta ke shigowa daga fol, da mitar gida da layin waje. Mai CAT II 600V ana gwada ta da bugun bolt 4000, CAT III 600V da 6000, CAT IV 600V da 8000. Kuma gwajin CAT III da IV ana yin sa da tushen wuta mai ƙarfin turawa fiye da na CAT II nesa ba kusa ba, don haka CAT III 600V ta fi CAT II 1000V aminci a allon gida duk da lambarta ta fi ƙanƙanta. Mutane da yawa suna kallon 1000 ɗin su ɗauka ta fi.

Matsalar ita ce buga CAT III a jikin roba ba ya cin ko sisi. Alamar CE ma kamfani ne ke sa wa kansa. Waɗanda ke nuna cewa wani na waje ya gwada su ne UL, CSA, TÜV ko ETL. Su ma ana iya kwaikwayonsu, shi ya sa buɗe baya a ga fiyus ya fi karanta gaba.

Masu sola suna da nasu haɗarin na daban. Wutar AC tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsinta yana samun damar mutuwa. DC ba ta yin haka, in ta kama sai ta ci gaba da ci. Fanel guda yana ba da bolt 40 zuwa 50 in ba a ɗora masa kaya ba, goma a jere sun kai 400 zuwa 500, kuma da sanyin safiyar hunturu lambar tana ƙaruwa. Ga wani abu kuma: manyan fanel na yanzu masu wat 550 suna turo amfiya 13 zuwa 14 in an haɗa bakinsu, ramin mita kuwa 10A aka rubuta masa. Wannan aikin na mitar ƙugiya ce, wadda ake maƙalawa a jikin waya ba tare da an yanke ta ba. Sai dai a tabbatar tana auna amfiyar DC, domin da yawa AC kaɗai suke ji. UNI-T UT210E misali ce ta ƙarama mai auna DC har amfiya 100.

Akwai wuraren da babu multimitar da za a kai kai tsaye, komai tsadarta. Kafasitar na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana riƙe bolt 2000 ko fiye, bayan tsohuwar talabijin mai ƙugu kuma ana maganar wajen 25,000. Ko babbar kafasitar cikin caja da talabijin ta zamani tana riƙe 325, a wasu har kusan 400, bayan an cire filogi. Ita wannan ta caja da talabijin ta zamani, auna ta a DC, ka sauke ta da resista, kafin ka juya mita zuwa om.

Abin da hannu ke taɓawa kullum

A kan tebur, aikin da mita ta fi yi shi ne ƙara da diyod. Ƙarar nan ta gwada haɗuwar layi, a wasu mitoci sai ka danna ka jira kafin ta yi kuka, a wasu kuma karkarwa take yi kamar layin bai haɗu ba. Mai neman shot, wato inda layi biyu suka haɗu ba bisa ƙa'ida ba, yana jan tsinke a kan ƙafafu talatin a jere, in mitar tana da nawa zai wuce wurin bai ji komai ba. Wannan ba a rubuta shi a kwali, sai ka gwada: buga bakin wayoyin biyu da sauri-sauri ka ji ko tana amsa kowane bugu da ƙara mai tsafta.

Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja sun san darajar awon diyod fiye da kowa. Jar waya a kan giraun, wato layin negatib na bod, baƙa a kan layi, a karanta lambar, a kwatanta da ta lafiyayyen bod. In ta nuna sifili layin ya haɗu da giraun, in ta nuna OL ya yanke, in ta kauce da yawa daga ta lafiyayyen to akwai abin dubawa. Wannan yana son mita mai nuna lamba uku bayan ɗigo, mai tsayawa da wuri ba ta rawa. Diyod na silikon yana nuna 0.5 zuwa 0.7, Schottky ƙasa da haka. Farin LED yana son wajen bolt 3 kafin ya kama, mitar da ba ta fitar da hakan za ta nuna OL a kan lafiyayyen kwai.

Mai aikin bod yana kuma buƙatar zangon mA da µA (ɗaya bisa miliyan na amfiya) don gano abin da ke shan batir a ɓoye. A nan ma suna yana iya yaudara: Fluke 115 da 117 True RMS ne, masu ƙarfi, amma ba su da ramin mA da µA, 117 ɗin ma an fi yin ta don masu wayarin. Awon kafasita yana da amfani, sai dai a sani cewa kafasita tana iya nuna cikakkiyar lambarta alhali ta bushe a ciki ba ta tace wuta. Mitar ESR, mai auna juriyar cikin kafasita, ita ce ke kama wannan, na'ura ce daban. Ramin gwada taransista da ake gani a masu araha, ban ɗauke shi dalilin saye ba, kuma mitocin da aka yi don wuta mai haɗari ba su cika zuwa da shi ba.

Wayoyin gwaji rabin mita ne. Na araha robarsu tana ƙagewa da sanyi, ta narke in ta taɓa ayan ɗin narka dalma, kuma in ka yanka za ka tarar da 'yan zarurruka ƙalilan a ciki. Suna karyewa daga ciki a gindin mariƙi, roba tana nan lafiya a ido. Masu rufin silikon sun fi laushi da jure zafi. Sau da yawa mita matsakaiciya da wayoyi masu kyau ta fi mai tsada da ruɓaɓɓun wayoyi, kuma wayoyin su ma suna da nasu CAT, na ƙasa a cikin biyun shi ke aiki.

To wa zai sayi me?

Mai gyaran waya da kwamfuta, wanda wutarsa ba ta wuce bolt 20 ba, ya nemi ƙidaya 6000 ko fiye, 10MΩ, ƙara mai sauri, µA, da tsinke mai kaifi. Irin su Aneng AN8008 mai ƙidaya 9999 ko UNI-T UT61E mai 22000 suna yin wannan aiki da kyau, da sharaɗin su zauna a kan tebur, kar a ɗauke su zuwa allon wutar gida. Mai inbata da sola da talabijin ya fara da aminci: True RMS, CAT III 600V ko sama mai shaidar gwaji, fiyus na tangaran a ramukan biyu, sannan mitar ƙugiya ta DC. Brymen ta Taiwan, kamar BM235, da Hioki da Sanwa na Japan suna cikin waɗanda ake samun haka ba tare da an kai kuɗin Fluke 87V ba. Wanda aikinsa ya haɗa biyun, mita biyu ta fi masa guda ɗaya mai komai da ruwanka, ko don ya riƙa kallon bolt da amfiya lokaci ɗaya, ya kuma gane ranar da ɗaya ta fara kaucewa. 'Yar rawaya tana da wurinta wajen koyon awon resista da batirin tocila, nesa da soket.

Manyan sunaye ana yin jabunsu, don haka in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da hankali, ka tsaya. Tsohuwar mita ta asali da aka yi amfani da ita tana iya zama saye mai kyau, in dai ka buɗe ka ga fiyus ɗinta na asali ne kuma babu alamar ƙuna a bod.

Ka je shago da kayan gwajinka a aljihu: batir guda da ka riga ka auna da mitar da ka yarda da ita, resista biyu ko uku waɗanda kuskurensu bai wuce 1% ba, diyod, da farin LED. Haɗa bakin wayoyi a om, ya kamata ka ga 0.1 zuwa 0.3, lambar ta tsaya ko da kana lanƙwasa wayar a gindin mariƙi. Juya makunnin a hankali ka ji ko yana zama daram a kowane mataki. In mai zaɓar zango da kanta ce, duba tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta tsaya a kan resista. Ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a buɗe min bayanta in ga fiyus," wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Bayan ka kai ta gida, rubuta lambobin da ta nuna a kan resistocin nan ka ajiye su tare a leda, duk bayan 'yan watanni ka sake aunawa. Kuma duk ranar da za ka sa hannu a layin da kake zaton babu wuta, fara ɗora mitar a inda ka tabbata akwai wuta, sannan layin, sannan ka koma wurin farko, domin wayar da ta karye daga ciki ita ma sifili take nunawa.